'Yan Sama Jannatin Roba: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Kayan Wasan da Dattawan Amurka Ke Kewa

A Amurka akwai wani rukunin dattawa, galibinsu maza 'yan shekara sittin zuwa saba'in, da in ƙarshen mako ya yi ba inda suke nufa sai kasuwannin tsofaffin kaya da shafukan gwanjo na intanet. Abin da suke nema kuwa wani ɗan mutum-mutumin roba ne wanda tsawonsa bai wuce santimita 15 ba, sanye da fararen kayan 'yan sama jannati. Sau da yawa in an same shi fentinsa ya ɓare, hannu ɗaya ya saki, hular ta daɗe da ɓata. Haka za su biya kuɗi su rungume shi su kai gida, su sa shi cikin kabad ɗin gilashi. Sunansa Manjo Matt Mason, kamfanin Mattel ne ya fito da shi a 1966, kuma shi ne babba a cikin wani dangi na kayan wasa da suka yi tashe na 'yan shekaru kaɗan sannan suka ɓace.

Da sauƙi mutum ya ce wannan rashin aikin yi ne na wanda cikinsa ya ƙoshi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sai dai in an bi labarin daga tushe za a ga cewa robar ba ita ce damuwar mutanen nan ba. An yi musu wani alkawari ne suna yara, ta talabijin da mujalla da kwalin kayan wasa, cewa in sun girma za su riƙa zuwa aiki a duniyar wata. Sun girma, sun yi furfura, ba a cika alkawarin ba. Robar ce kawai ta rage a hannunsu.

Daga kaboyi zuwa kumbo

Kafin 1957 gwarzon yaron Amurka kaboyi ne. Doki, malafa, bindiga a ƙugu. Ranar 4 ga Oktoba na wannan shekara Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, kuma duk mai rediyon da ya dace yana iya jin ƙararsa yana wucewa ta saman Amurka. Hankalin ƙasar ya tashi. A 1958 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, aka zuba kuɗi a darussan lissafi da kimiyya a makarantu. A Afrilun 1959 aka gabatar wa duniya matuƙa jirgin sama bakwai da aka zaɓa don shirin Mercury, mujallar Life kuma ta ƙulla yarjejeniya da su ta riƙa buga labarin gidajensu da matansu da 'ya'yansu. Yaron da jiya yake hawa tsintsiya da sunan doki, yau sai ga shi ya kifa bokiti a ka ya ce kwalkwali ne. Fim ɗin Toy Story 2 na 1999 a kan wannan sauyin ya gina wani sashe na labarinsa, inda aka nuna an soke shirin talabijin na kaboyi don yara sun koma son kumbo.

Waɗanda suka fara cin kasuwar Japanawa ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙananan masana'antu a Tokyo, irin su Nomura da Yonezawa da Horikawa da Masudaya, sun ƙware wajen yin kayan wasa na gwangwani don fitarwa waje. Ana buga zane mai launi a kan fallen ƙarfe, a yanka, a lanƙwasa, a haɗa da 'yan kunnuwan ƙarfe. Wani a murɗa masa makulli, wani a sa masa batir, sai ya riƙa taku yana ƙara, ƙirjinsa na tartsatsi. Amma waɗannan na tatsuniya ne, siffarsu daga finafinai da littattafan zane aka ɗauko ta. Da Yuri Gagarin ya zagaya duniya cikin minti 108 ranar 12 ga Afrilun 1961, Shugaba Kennedy kuma ya yi alkawari a watan Mayu cewa kafin ƙarshen shekarun 1960 Ba'amurke zai taka wata, sai yara suka daina yarda da tatsuniya. Suna so a ba su irin wanda suka gani a labarai, har zif ɗin rigarsa.

A wannan gaɓar labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu, abin da da yawa ba su sani ba. A lokacin babu taurarin sadarwa da za su riƙa miƙa magana, don haka NASA ta jera tashoshin bin diddigi a kewayen duniya, ta yadda in kumbo ya fita daga zangon wata tasha sai ya faɗa na wata. Ɗaya daga cikin tashoshin nan a Kano take, wata a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya zagaya duniya sau uku a kumbonsa Friendship 7, ya yi magana da ma'aikatan tashar Kano, ya gaya musu yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka ce masa ai an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya san Kano a watan Fabrairu ya san ƙurar da mutumin ya gani. A Agustan 1963 kuma Kennedy da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi magana ta wayar tarho wadda tauraron Syncom 2 ya haɗa, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas. Kayan wasan ba su iso mu ba sai jefi-jefi a gidajen manya, amma ainihin aikin da suke kwaikwayo mun ba shi masauki.

Sojan da aka hana a kira shi 'yar tsana

A 1964 kamfanin Hasbro ya yi wata caca. 'Yan kasuwar kayan wasa sun yi imani cewa yaro namiji ba zai taɓa riƙe 'yar tsana ba, uba kuma ba zai saya masa ba. Sai Hasbro ya ƙera soja mai tsawon santimita 30, gaɓoɓinsa duka suna lanƙwasuwa, aka sa masa suna G.I. Joe, aka kuma kafa doka a kamfanin cewa kada wanda ya kuskura ya kira shi 'yar tsana. Dabarar cinikin kuwa daga 'yar tsanar nan Barbie aka aro ta: a sayar maka da mutum ɗaya, sannan ka yi ta dawowa sayen tufafi da kayan aiki. A 1966 aka fito masa da rigar sama jannati mai ƙyallin azurfa da kumbo irin na Mercury wanda zai shige ciki a rufe, har da ƙaramin faifan garmaho mai ɗauke da sautin tafiyar Glenn. Kumbon yana iyo a ruwa, don haka bahon wanka ya zama tekun Atlantika a gidaje da yawa. A Ingila kamfanin Palitoy ne ya riƙa yin irinsa da sunan Action Man.

Barbie ma ta riga shi. Tun 1965 aka ɗinka mata kayan 'yan sama jannati, shekara biyu bayan Valentina Tereshkova ta Sobiyet ta je sararin samaniya. Ba'amurkiya ta gaske, Sally Ride, sai a 1983 ta samu zuwa. Wato 'yar tsanar ta riga matan ƙasarta da shekara 18.

Manjo da ƙashin waya

Matt Mason daban yake da G.I. Joe. Shi ba soja ba ne da aka canza wa kaya. An ƙera shi ne a matsayin ma'aikacin da ke zaune a duniyar wata, can yake kwana, can yake tashi. Ku ɗauke shi a hannu ku duba. A cikinsa akwai ƙashi na siririyar waya, aka zuba baƙar roba mai laushi a kai, aka shafe ta da farin fenti, aka bar gwiwoyi da gwiwar hannu da kafaɗu baƙaƙe masu ninki-ninki, yadda ake zana rigunan gwaji na lokacin. Kwalkwalinsa yana cirewa, yana da gilashin fuska ruwan ɗorawa da ake ɗagawa a sauke. Ka lanƙwasa hannunsa ya tsaya inda ka bar shi. Abin da ya sa yara suka so shi ke nan, kuma shi ne ajalinsa. Waya in aka yi ta lanƙwasa ta a wuri guda tsinkewa take yi, to cikin 'yan watanni sai a ga hannun Manjo yana reto, ba gyara, don ba yadda za a kai ga wayar sai an yanka robar. Fentin kuma bai kama jikin robar da kyau ba, yana ɓantarewa a farce. Shi ya sa yau masu tara su tambayar farko da suke yi wa mai sayarwa ita ce: wayoyin duka lafiya?

Kayan aikinsa su ne suka ci kuɗin iyaye. Akwai tashar zama mai hawa uku, tsayinta ya kai wajen santimita 60, da tagogi shuɗɗa da fitila mai walƙiya a samanta. Akwai wata mota mai batir da maimakon tayoyi aka sa mata ƙafafu hurhuɗu a kowane gefe suna juyawa, tana tafe tana ɗingishi, ta haye littafi ta haye takalmi. Akwai jakar goyo mai zare a ciki, a maƙala ƙugiyar zaren a saman ƙofa, sai Manjo ya riƙa hawa sama kamar yana tashi. Akwai kuma wata riga mai kama da ƙararrawa, wadda mutum zai rantse wasa ce, alhali kwaikwayon wata rigar gwaji ce ta gaske da injiniya Allyn Hazard ya tsara, har ta fito a bangon mujallar Life a 1962. Wannan shi ne sirrin kayan. Da yawansu daga zane-zanen da injiniyoyi ke yaɗawa a jaridu aka kwaso su, saboda haka yaro bai ɗauke su ƙarya ba. A wurinsa hoton gobe ne aka ba shi tun yau.

An yi masa abokan aiki: Sajan Storm mai jan kaya, Doug Davis mai ruwan ɗorawa, da Jeff Long mai shuɗi. Jeff Long baƙar fata ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a Amurkan da a 1968 aka harbe Martin Luther King. A zahiri kuwa, Robert Lawrence, baƙar fatan farko da aka zaɓa don wani shirin sararin samaniya na sojan sama, ya rasu a haɗarin jirgi a Disambar 1967 bai je ba. Sai a 1980 Arnaldo Tamayo Méndez na Kuba ya tashi a kumbon Sobiyet, sannan a Agustan 1983 Guion Bluford ya zama baƙar fatan Amurka na farko da ya je. Ba na cewa Mattel jihadin 'yanci ya yi. Kamfani ne, kasuwa ya hango. Amma yaron da ya ga mai kama da shi a cikin kwalin bai damu da niyyar kamfani ba.

Kada a manta da talabijin. Tun 1955 Mattel ya sayi lokacin talla na shekara guda cur a shirin yara na Mickey Mouse Club, ya zama yana magana da yaro kai tsaye ba sai ta bakin iyaye ba. Don haka kewar da dattawan nan ke ji, wani ɓangarenta masu talla ne suka dasa ta da gangan, suka kuma iya dashe.

Yadda kasuwar ta mutu

Abin mamaki, sauka a wata ita ta kashe cinikin. Ranar 20 ga Yulin 1969 Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka wata, mutane wajen miliyan 600 suna kallo. An yi tsere, an ci, sai 'yan kallo suka fara watsewa. Wata tara kacal bayan haka, da ma'aikatan Apollo 13 suka yi shiri kai tsaye daga cikin kumbo, manyan tashoshin talabijin na Amurka ba su ma nuna shi ba, sai da tankin iskar kumbon ya fashe rayuka suka shiga haɗari sannan aka waiwayo. A 1970 aka soke tafiye-tafiye uku da aka tsara. Kuɗin NASA, wanda a 1966 ya haura kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin tarayya, ya yi ta zubewa har ya koma wajen kashi 1 a tsakiyar shekarun 1970. A Disambar 1972 Apollo 17 ya baro wata. Mutum 12 suka taka shi, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Matt Mason bai ma kai nan ba. A farkon shekarun 1970 Mattel ya daina yin sa. Kafin ya daina ya gwada ƙara masa dodanni, irin su Callisto mai koren kai da wani ƙato mai batir, Kyaftin Lazer, alamar cewa aikin haƙa da aune-aune ya daina riƙe yara. Ga kuma wata gaskiya da hotunan Apollo suka tona: wata fili ne mai toka, ba kowa, ba abokin faɗa. Yaro zai yi wasan ɗibar duwatsu sau nawa?

Rikicin man fetur na 1973 ya tsauwala farashin roba, manyan mutum-mutumi suka yi tsada, G.I. Joe mai santimita 30 ya bar kasuwa a 1976. A Mayun 1977 fim ɗin Star Wars ya fito, kamfanin Kenner ya samu izinin yin kayan wasansa. Bai shirya ba, har a Kirsimetin shekarar sai kwali ya sayar da takardar alkawari a ciki cewa za a aiko da kayan daga baya, kuma mutane suka saya. Mutanen Kenner ƙanana ne, ba su kai santimita 10 ba, ga araha, ga jiragensu suna shiga akwati. Tsakanin 1978 da 1985 an sayar da fiye da miliyan 300. Sararin samaniya ya dawo ɗakin yara, amma ya dawo da takobi da gimbiya da mugun sarki. Ma'aikacin da ke tashi da safe ya duba injin iska ya tafi ke nan.

Inda ya ɗan fake shi ne wajen Lego na ƙasar Danmak, wanda daga 1978 ya fito da 'yan ƙananan 'yan sama jannati masu murmushi, ja da fari, daga baya ruwan ɗorawa da shuɗi da baƙi, ba su da abokin gaba. Kwalkwalinsu yana da wani siririn wuri a haɓa da ke yawan tsagewa. Da aka yi fim ɗin Lego a 2014 sai aka sa wani shuɗin ɗan sama jannati, Benny, da kwalkwali tsagagge a daidai wurin, tambarin ƙirjinsa kuma ya goge. Yara sun ga abin dariya. Iyayensu da suka kai su silima su suka gane abin da ake nufi.

Me ake kewa?

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Masu nazarin halayyar ɗan Adam, irin su Constantine Sedikides da Tim Wildschut na Jami'ar Southampton, sun yi shekaru suna binciken wannan, kuma abin da suka gano ya ɗan sassauta karin maganar: tuna baya yakan taso wa mutum ne a lokacin kaɗaici ko damuwa, kuma sau da yawa yakan rage masa kaɗaicin, ya tuna masa akwai waɗanda suka taɓa ƙaunarsa. In ka saurari mai tara kayan nan, ba ya daɗewa a kan robar. Nan da nan zai koma kan ubansa da ya sayo masa, ko wansa da suka yi faɗa a kan motar, ko uwarsa da ta kwashe kwalin ta bayar ranar da ya tafi jami'a. Wannan na ƙarshe kusan kowannensu yana da shi.

Wannan dai kewa ce irin ta kowa. Wanda ya taɓa fafe kara ya yi mota, ko ya yanka gwangwanin madara ya yi motar langa-langa da tayar silifa, ya san ta, kuma zan ce tasa ta fi zurfi ta wani gefe, don shi ya ƙera abinsa da hannunsa, kuma ba kasuwar da zai je ya sayo shi yau. Amma kewar 'yan sama jannatin roba tana da wani abu na daban. Mai kewar kaboyi ya san zamanin doki ya wuce tun kafin a haife shi. Mai kewar Star Wars ya san tatsuniya ce. Shi kuwa yaron 1967 an nuna masa tasha mai hawa uku a wata, manyan mutane masu digiri suna cewa nan da shekara ashirin za a gina ta. Ya gaskata, kuma ba wauta ya yi ba, don daga tashin Gagarin zuwa takun Armstrong shekara takwas ce kawai. Wanda ya ga haka da idonsa me zai hana shi zaton zai yi ritaya a duniyar Mars?

Sai dai a yi hattara da zaƙin labarin. Shekarun da ake kira na zinariya su ne na yaƙin Biyetnam, wanda ya sa har Hasbro ya tuɓe wa G.I. Joe kakin soja a 1970 ya mai da shi mai yawon kasada. Mu kuma a lokacin muna tsakiyar yaƙin basasa. A jajibirin tashin Apollo 11, kumbon su Armstrong, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya jagoranci talakawa da keken alfadarai zuwa bakin wurin harba kumbon, suna tambayar yadda ƙasa za ta kashe biliyoyin daloli a wata alhali akwai masu kwana da yunwa. Yaro ɗan shekara takwas da ke kwance a kan kafet da Manjo a hannu bai san da wannan ba. Zamanin bai fi na yau sauƙi ba, shi ne dai wani ke ɗauke masa nauyinsa.

Fitaccen mai wannan kewa shi ne ɗan fim Tom Hanks, wanda aka haifa a 1956. Ya daɗe yana neman a yi fim ɗin Matt Mason ya fito a matsayinsa. Shi ne ya fito a fim ɗin Apollo 13 a 1995, kuma a shekarar ce ya ba da murya ga Woody, kaboyin Toy Story da ke kishin sabon ɗan sama jannatin roba, Buzz Lightyear, wanda aka raɗa wa sunan Aldrin. Buzz ɗin ma ya yi abin da Manjo ya yi ta alkawari: a 2008 kumbon Discovery ya kai guda ɗaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ya yi wata 15 a can, yanzu yana hannun gidan tarihi na Smithsonian.

Kasuwa, jabu da guba

Farashin tsohon abin wasa ba kyansa ke sa shi ba, ƙarancinsa ne, kuma yara su ne suka haddasa ƙarancin da suka farfasa miliyoyi. Manjon da aka yi wasa da shi har ya gaji ba shi da wata tsada. Wanda ke cikin ledarsa a manne da kwali, ba a taɓa buɗewa ba, shi ne ake rububi. Ku lura da abin da wannan ke nufi: mafi daraja shi ne kwantai, wanda ya yi ta zama a sito ba yaron da ya taɓa shi. Har akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su duba abu su ba shi maki, su rufe shi ruf a akwatin roba mai haske. A ganina daga nan an bar kewa an shiga ajiyar dukiya, kuma ba laifi ba ne, amma a kira abu da sunansa.

Manyan kuɗin suna wajen samfurin gwaji da bai taɓa shiga kasuwa ba. Samfurin farko na G.I. Joe an sayar da shi dala 200,000 a 2003. Wani ɗan mutum-mutumin Star Wars, Boba Fett mai harba roka daga baya, an fasa sayar da shi ne bayan wani yaro ɗan shekara huɗu ya shaƙe da irin wannan rokar ta wani abin wasa daban ya mutu a ƙarshen 1978. 'Yan samfuran da suka tsira, a 2024 an yi gwanjon ɗaya dala 525,000, bayan 'yan watanni wani ya haura dala miliyan 1.3. Irin wannan labari shi ke sa mutum ya ga tsohuwar roba a tarin gwanjo ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Kusan kullum ba haka ba ne. Kuma inda kuɗi ya shiga jabu na biye: ana buga sababbin kwalkwali da kwalaye da sitika a tsufar da su, ana sake fenti a ce na asali ne.

Kamfanoni sun gane inda kuɗin yake. A 2022 kamfanin NPD mai bin diddigin ciniki ya ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin kayan wasa a Amurka na 'yan shekara 12 zuwa sama ne masu saya wa kansu. Shi ya sa ake ta sake fito da tsofaffin samfura, da farashin da ba na yaro ba. Amma kasuwar kowane abin wasa tana tafiya ne da shekarun yaransa: takan hau in sun kai arba'in zuwa sittin suna da abin hannu, ta fara sanyi in sun fara barin duniya, don jikoki ba su san Manjo ba balle su yi kewarsa.

Robar kanta ma ba ta jira. Roba mai laushi ana haɗa ta ne da wani sinadari mai maiƙo, wanda da tafiyar shekaru yake tsattsafowa, jikin ya yi danƙo, in ya jingina da roba mai tauri ya narkar da wurin. Farar roba takan koma ruwan ɗorawa a rana. Batirin da aka manta a ciki yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfe. Ainihin rigar da Armstrong ya sa a wata, wadda mata maɗinka na kamfanin ILC suka ɗinka, ita ma ciwon ke nan ya kama ta: robar cikinta ta soma bushewa, aka ɗauke ta daga wurin nuni a 2006, sai da jama'a suka yi karo-karo na fiye da dala 700,000 a 2015 aka yi mata aiki, ta koma a 2019.

Abu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, mu da tsofaffin kayan wasan Turai da Amurka ke shigo wa cikin dilar gwanjo. Sai a 1978 Amurka ta haramta fenti mai dalma a kayan yara, kuma an daɗe ana sa sinadarin kadmiyam don fito da launin ja da ruwan ɗorawa a roba. A 2018 Andrew Turner na Jami'ar Plymouth ya auna tsofaffin kayan wasa na roba guda 200 da ya tattaro daga gidaje da makarantun renon yara da shagunan kayan hannu, ya sami dalma da kadmiyam da wasu sinadarai masu guba a cikin wasunsu, musamman ja da ruwan ɗorawa da baƙi. Mun ga abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito kuma yawanta ya wuce misali. Tsohon abin wasa mai ɓarewar fenti, ko mai danƙo a jiki, ko mai ƙananan gutsattsari, a ajiye shi a kan kanta inda rana ba ta bugu, a cire masa batir, a wanke hannu bayan an taɓa, kada a miƙa wa yaron da ke kai komai baki.